Rufin motata mai naɗewa ya yage: a yi faci ko a canja?

Wani ƙanenmu daga Aboabo da ke Kumasi ya aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum Masta. Ina da Ford Mustang ƙirar 2012, irin mai rufin da ake naɗewa. Rufin ya yage a gefen direba, bayan ƙofa, daidai inda yake lanƙwashewa idan an buɗe. Yagewar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, amma tana ƙaruwa. Na liƙa salatif mai faɗi saboda ruwa. Wani ya ce in zuba sufa gulu, wani ya ce in kai wa baduku ya ɗinke, wani kuma ya ce ba gyara sai sabo. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. A cikin shawarwarin nan uku babu wadda zan ce ka ɗauka yadda aka ba ka ita. Yagewa mai tsawon ɗan yatsa tana gyaruwa, kuma gyaran yakan daɗe, amma da sharaɗi biyu: yadin rufin yana da sauran ƙarfi, kuma an gano abin da ya yaga shi. Na biyun nan shi ne mutane suke tsallakewa. Ɗinkin kujeru da rufin mota shi ne sana'ata a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma yawancin rufin da ake kawo mana an riga an yi musu faci sau ɗaya ko biyu a wuri guda, ya sake buɗewa. Ba gam ɗin ba ne ya gaza, ƙarfen da ya ci yadin tun farko yana nan yana ci.

Kafin komai, cire salatif ɗin nan yau. Baƙin rufi a ranar Kumasi yakan haura digiri 60 da tsakar rana, gam ɗin salatif ya narke ya shiga cikin saƙar yadin, kuma duk inda ya shiga gam na kirki ba zai kama ba. Ka ɗaye shi a hankali ta hanyar da yagewar ta bi, kada ka fizge shi a gicciye. Abin da ya rage na danƙo ka goge da sifirit irin na kemis a kan farin tsumma. Kada ka kusantar da fetur ko tina. Har zuwa ranar da za a yi aikin, ka lulluɓe motar da tamfol idan hadari ya taso, kuma ka daina buɗe rufin gaba ɗaya, domin kowace naɗewa tana ƙara wa yagewar tsawo.

Yanzu maganar dalili. Inda ka ce ya yage, bayan ƙofa wajen lanƙwasa, wuri ne da ya fi ko'ina shan wahala. A nan sandunan firam, wato ƙarafan da suke ɗauke da rufin, suke haɗuwa idan rufin ya sauka, a nan kuma yadin yake ninkuwa. Don dubawa kawai, ka buɗe rufin rabi, ka sa katako ko wani abu mai ƙarfi ka tokare shi, ka zare makulli ka sa a aljihu. Wannan ba wasa ba ne: rufin da ke aiki da man haidirolik yakan sauko da kansa idan an bar shi a tsakiya, kuma yaro ko aboki zai iya danna maɓalli hannunka yana tsakanin ƙarafa. Daga nan ka sa tocila ka leƙa bayan yagewar, ka shafa da yatsa. Kana neman kan ƙusa ko noti da ya fito, ko murfin roba da ya faɗi ya bar bakin ƙarfe tsirara, ko tsatsa da ta yi kaushi. Ka duba madaurai, waɗannan igiyoyi masu faɗi, wasu masu roba a ciki, da suke janye yadin daga bakin ƙarafa yayin naɗewa. Idan sun saki ko sun tsinke, yadin zai faɗa tsakanin ƙarfe biyu su cije shi. Ka duba kuma wayar ƙarfe da take bin gefen rufin a saman tagogi, wadda take riƙe shi a ɗame. Idan silinta ya fara warwarewa, tsinin zai huda yadin daga ciki.

Bakin yagewar ma yana ba da labari. Idan ya miƙe sumul, wuƙa ce ko reza ko kwanon rufi, kuma wannan ya fi sauƙin gyara domin yadin da ke kewaye lafiyarsa lau. Idan bakin ya yi gashi-gashi, wurin ya yi sheƙi ko ya sirance kafin ya ɓarke, guga ce daga ciki, sai an gyara ƙarfen. Akwai kuma abin da na sha gani a motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan an sayo su daga gwanjon motocin hatsari na Amurka: firam ɗin ya ɗan karkace, ido ba ya gani sosai, amma gefe ɗaya yana jan yadi fiye da ɗayan. Alamarsa ita ce maƙullan gaba da suke kama rufin a saman gilashi, ɗaya yana shiga da sauƙi ɗaya sai an danna da ƙarfi. Irin wannan sai an daidaita firam, in ba haka ba ko sabon rufi aka sa a nan zai sake yagewa.

Sai ka san irin rufin da kake da shi, domin gam ɗin kowanne daban. Mustang na waɗannan shekarun akwai mai rufin leda, akwai mai na yadi. Na leda yana da ɗan sheƙi da zane da aka buga masa, idan ka karta da farce za ka ji roba ce; a bayansa akwai saƙa da take riƙe shi. Na yadi kuwa hawa uku ne da aka haɗe: na waje saƙar zaren akirilik mai jure rana, na tsakiya shimfiɗar roba wadda ita ce ainihin mai tare ruwa, na ciki kuma auduga ko foliyesta. Kamfanin Haartz na Amurka shi ne babban mai yin waɗannan yadudduka, irin su Stayfast da Twillfast, da Sonnenland da aka fi gani a motocin Jamus. Abin da ya sa na ce kada ka kusantar da fetur ko tina shi ne wannan roba ta tsakiya: suna ratsa saƙar su ɓata ta, sai ka ga wuri yana yoyo ba tare da rami ba.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, gwada ko rufin yana da sauran rai. Ka shiga motar da rana tsaka, rufi a rufe, ka ɗaga silin na ciki, wato yadin da ya lulluɓe rufin ta ciki, ka duba ko haske yana shigowa ta ƙananan huji. Ka danna babban yatsa kusa da yagewar. Yadi mai lafiya zai tura ka, wanda ya mutu zai yi ƙara ko ya ƙara ɓarkewa. Idan na leda ne, ka duba duk inda yake ninkuwa ko ya yi tsaga-tsaga ya bushe. Ka karta zaren ɗinkin da farce: idan ya zama gari, to sauran ɗinkin ma suna kan hanya. Rufin da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje, mai cewa sai sabo ya yi gaskiya. Haka kuma idan yagewar ta kai ga gilashin baya, ko tana a gaba inda rufin yake kama saman gilashin mota, inda iska take dukansa, faci ba ya daɗewa a can. Amma idan yadin yana da ƙarfi, mu ci gaba.

Sufa gulu gyaran gangar Auzinawa ne. Yana bushewa ya yi tauri ƙam, rufi kuwa aikinsa ninkuwa; ranar da ka naɗe shi, wurin zai karye a gefen gam ɗin, yagewa ɗaya ta zama biyu. Ƙari a kan haka, idan ya haɗu da auduga yakan yi zafi har ya ƙona ta, ga kuma farin tabo da ba ya fita. Silikon na masu gilashi shi ma haka: zai tare ruwa na ɗan lokaci, ya ɓare, kuma bayansa babu gam ɗin da zai sake kama wurin. Gam ɗin bututun ruwa da masu famfo suke amfani da shi kuma an yi shi ne don roba mai tauri, ba don leda mai lanƙwasa ba.

Ga rufin leda, abin da kake nema shi ne gam ɗin da aka yi musamman don leda mai laushi, kamar HH-66. Leda tana da wani mai a jikinta da yake sa ta laushi, kuma wannan man yana fitowa a hankali ya mai da gam na gama-gari kamar cingam. Shi ya sa ma masu yin facin Tear-Aid suka raba shi gida biyu, Type A na yadi da roba, Type B na leda kaɗai. Wanda ya saya ba tare da duba harafin ba yakan yi asara. Idan ba ka samu waɗannan ba, ka je wurin masu yin tamfol na manyan motoci da rumfunan taro, su suke da gam ɗin leda, wasunsu ma suna da injin iska mai zafi da yake narka leda biyu su zama ɗaya. Ga rufin yadi, na fi yarda da gam mai laushi irin na foliyuretan, kamar Stormsure, wanda ko ya bushe yana miƙewa yana dawowa. Gam irin na masu takalma da kafintoci, su Evo-Stik, yana kamawa da kyau da farko, amma na yau da kullum yakan saki idan zafi ya yi yawa. Idan shi za a yi amfani da shi, a nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure zafi, kuma a ƙara da ɗinki.

Ƙyallen facin ya zama irin jikin rufin. Mafi kyau shi ne guntun tsohon rufi mai sauran ƙarfi, kuma masu ɗinkin kujeru a nan Magazine ko a Abossey Okai a Accra sukan ajiye irin waɗannan guntaye. Kada ka yanka tsohon wandon jins ko tamfol mai kauri ka liƙa; na farko zai sha ruwa ya ruɓe, na biyu zai hana wurin ninkuwa ya jawo sabuwar yagewa a bakinsa.

Ga yadda ake aikin, kuma a nan nake so ka natsu. Faci daga ciki ake yinsa. Na ciki shi ne mai ɗaukar nauyi. Duk abin da aka sa a waje tare ruwa ne kawai da gyaran fuska. Ka wanke wurin ciki da waje da ruwa da sabulu marar kaifi, ka bar shi ya bushe sarai, ba bushewar sama-sama ba, domin audugar ciki tana riƙe laima fiye da yadda hannu yake ji. A wannan gari da damina take zuwa sau biyu a shekara, ka zaɓi ranar da gari ya waye da rana, ka bar motar ta sha ta, sannan ka shigar da ita inuwa. A inuwa ake shafa gam; a rana samansa zai bushe ƙasansa yana ɗanye. Ka nisanci masu walda da kurfoti da mai shan taba, ka bar ƙofofi a buɗe, tururin gam ɗin yana kama wuta kuma yana hawa kai.

Ka saki maƙullan gaba ka ɗaga rufin kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, ka tokare, don yadin ya saki jiki. Ka aske gashin bakin yagewar da ƙaramin almakashi, gashin kawai, kada ka rage yadin. Daga waje ka haɗa bakin biyu daidai yadda suke tun asali, ka riƙe su da tef ɗin takarda na masu fenti. Kada ɗaya ya hau ɗaya, kada kuma ka ja har wurin ya tattare. Ka ɓalle silin na ciki daidai gwargwadon da hannunka zai shiga. Ka yanka facin ya wuce yagewar da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, har da ƙarshenta biyu, ka zagaye kusurwoyinsa domin kusurwa mai tsini ita take fara ɗagowa. Ka lura da inda saƙar ta fuskanta, ta facin ta bi ta rufin, don su miƙe tare.

Ka goge cikin rufin da sifirit, ka jira ya tashi. Idan gam ɗin leda ne, ka shafa siriri a fuska biyu, ta rufin da ta facin, ka jira minti 2 zuwa 5 har ya yi danƙo amma bai biyo yatsa ba, sannan ka ɗora. Irin na masu takalma yana son minti 10 zuwa 15. Na foliyuretan kuwa ba ya kamawa nan take, sai an danne shi an bar shi ya kwana. Laimar iska ce ma take busar da shi. Ko wanne ne, siriri ya fi kauri. Ka sa wani ya riƙe katako mai santsi daga waje, kai kuma daga ciki ka bi facin da bayan cokali, daga tsakiya zuwa baki, kana korar iska. Idan wurin zai yiwu a matse shi tsakanin katako biyu, ka sa leda tsakani don kada gam ya kama katakon. Daga nan ka bar shi awa 24. Na san ɗoki, amma wanda ya rufe maƙullai bayan awa biyu ya ja facin tun bai kama ba, aikin ya tashi a banza.

Washegari ka ɗaye tef ɗin waje, ka ɗauki tsinken sakace ka bi layin yagewar da gam siriri, ka ɗan ƙara a ƙarshenta biyu inda take son ci gaba. Idan ka manna tef a gefe da gefe kafin ka shafa, ka cire shi gam yana ɗanye, layin zai fito tsaf. Gaskiya ita ce za a ga tabon idan an matso. Wanda ya ce maka zai ɓace ɗungurungum bai gaya maka gaskiya ba.

To, ɗinki fa? Mai cewa a kai wa baduku bai yi nisa da gaskiya ba, domin hannunsu ya san basilla, amma akwai abin lura. Kowane hujin allura ƙofar ruwa ce, kuma idan hujin suka yi kusa da juna yadin zai tsage ta kansu kamar takardar rasit. Ɗinke bakin yagewa da baki ba tare da faci ba shi ne mafi muni, zaren zai yanka yadin ranar da aka ɗame rufin. Amma naka yana wurin lanƙwasa, inda ake ja kullum, don haka ni zan ɗinka. Bayan gam ya kama, sai a zagaye yagewar da layi ɗaya ta cikin rufin da facin, nesa da bakin da kamar santimita ɗaya da rabi, tsakanin huji da huji milimita 4 zuwa 5. A yi da lanƙwasasshiyar allura, ko mutum biyu, ɗaya ciki ɗaya waje suna miƙa wa juna. Zaren shi ne babbar magana. Na auduga zai ruɓe a damina ɗaya, na nailan da masu takalma suke so yana da ƙarfi amma rana tana cinye shi. Ka nemi zaren foliyesta mai jure rana, irin na masu rumfa da jiragen ruwa, mai lamba V-92 ko V-138. Bayan an gama, a bi kan ɗinkin daga ciki da gam siriri a toshe hujin. Idan kuwa wata rana ka ga ɗinkin kamfani ne ya warware ba yadin ba, wannan ba ya son faci, a bi tsofaffin hujin da sabon zare kawai.

Ranar da za ka fara rufewa, ka bar motar a rana na ɗan lokaci yadin ya yi laushi, sannan ka sa maƙullai a hankali. Ka gwada da ruwan bokiti ko tiyo marar ƙarfi, wani yana ciki yana kallo. Ka naɗe rufin sau ɗaya sannu a hankali kana tsaye a gefen, ka ga yadda facin yake ninkuwa da ko wani ƙarfe yana taɓa shi. Tun da ka riga ka shiga wurin, ka duba ramukan da suke fitar da ruwa a inda rufin yake kwanciya. Ƙurar hunturu da ganye suna toshe su, ruwa ya koma ƙarƙashin kafet ya sami wayoyi, mai mota yana ta zargin rufi.

Abin da yake kashe irin wannan rufi a garin nan ban ga kamar wurin wankin mota ba. Yaran suna da ƙoƙari, amma injin feshi mai ƙarfi idan aka kusantar da shi yana buɗe ɗinki yana ɗaga faci, Omo yana wanke maganin da ke sa ruwa ya zame, Parazone kuwa, ruwan bilicin kaya, yana cin zare da launi. Ka tsaya a kansu: ruwa marar ƙarfi, burushi mai laushi, sabulu marar kaifi. Kada ka naɗe rufi yana jiƙe, fumfuna za ta kama shi. Kada ka bar shi a naɗe kwana da kwanaki, musamman na leda, yana tsukewa, ranar rufewa sai an ja da ƙarfi. Kashin tsuntsu da na jemage, wanda duk mai ajiye mota wajen Kejetia kusa da gidan zu ya sani, a wanke shi a ranar. A gida kuma, idan akuya ko kyanwa tana hawa motar, ka nemi murfi. Rufin yadi yana son a fesa masa maganin tare ruwa, kamar RaggTopp ko 303 Fabric Guard, kafin damina ta kankama wajen watan Maris ko Afrilu, amma bayan faci ya gama kamawa, ba kafin ba, domin gam ba ya kama yadin da aka fesa wa magani.

Idan gwajin da na faɗa ya nuna rufin ya mutu, kada ka zuba kuɗi a faci. Ana sayar da sabon rufin Mustang a Amurka wanda aka yanka daidai da motar, kuma farashin irin waɗannan yakan kama daga ɗaruruwan daloli har ya haura dala 1,000, ya danganta da yadin da gilashin baya, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ka ba mai sayarwa shekarar motar daidai, ka haɗa da sababbin wayoyin gefe da madaurai a odar, domin sa sabon rufi a kan tsofaffi ɓarnar kuɗi ce. Wanda zai ɗora maka kuma, ka tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan motar, ka ce ya nuna maka hoton aikinsa. Aikin yini guda ne ko fiye, kuma kada ya jefar da tsohon rufin sai ya gama, domin a jikinsa ake ganin inda kowane ƙusa da ninki yake zama. Ka ce ya yanko maka guntu mai kyau daga tsohon ka ajiye a but.

Idan ka leƙa ka ga abin da ya shige maka duhu a bayan yagewar, ka ɗauki hotonsa daga ciki rufin yana rabi a buɗe, ka kawo motar Magazine da safe kafin rana ta yi zafi, a duba tare. Allah ya tsare hanya, ƙanena.